Joseph Conrad, matuƙin jirgin da ya je Kwango ya dawo da labarin duhu

A watan Yunin 1890, wani ma'aikacin jirgin ruwa mai shekaru 32 ya sauka a Boma, bakin kogin Kwango, riƙe da kwantaragin shekaru uku da wani kamfanin Beljiyam mai fataucin hauren giwa. Wata shida kacal ya iya yi. Ya koma Turai da zazzaɓi da ciwon atuni, lafiyarsa kuma ba ta sake daidaita ba har ya mutu. Abin da ya gani a wannan ɗan lokaci shi ne ya zama littafin Heart of Darkness, wanda masu karatu da Faransanci suka sani da sunan Au cœur des ténèbres, wato tsakiyar duhu.

Sunansa na yanka Józef Teodor Konrad Korzeniowski. An haife shi ranar 3 ga Disamban 1857 a Berdychiv, cikin ƙasar Yukren ta yau. Iyayensa mutanen Polan ne, a zamanin da babu ƙasar Polan a taswira, domin Rasha da Prusiya da Ostiriya sun yi watandarta. Mahaifinsa Apollo mawaƙi ne kuma mai fassara, ya juya ayyukan Shakespeare da Victor Hugo zuwa harshensu. A 1861 hukumomin Rasha suka kama shi a Warsaw saboda fafutukar neman ƴanci, suka kore shi da matarsa da ɗansu zuwa Vologda, can arewa inda sanyi ke kisa. Tarin fuka ya ɗauke uwar a 1865, ya ɗauke uban a 1869. Yaron ya zama maraya yana da shekaru 11, riƙonsa ya koma hannun kawunsa Tadeusz Bobrowski. Ke nan tun kafin ya taka Afirka ya san ɗanɗanon zama ƙarƙashin mulkin baƙo.

Yana da shekaru 16 ya nace sai aikin teku, abin da danginsa suka ɗauka wauta ce. A 1874 ya isa Marseille, ya bi jiragen Faransa zuwa tsibiran Karibiyan. Kuɗin kawu suka riƙa zurarewa, bashi ya yi masa katutu, har a 1878 ya harbi kansa a ƙirji, amma da sauran shan ruwansa a duniya. A shekarar ce ya koma jiragen Ingila, bai iya Turanci ba sai ƴan kalmomi. Zuwa 1886 ya zama ɗan ƙasar Birtaniya, ya kuma samu takardar shaidar kyaftin. Turanci shi ne harshensa na uku, bayan na Polan da Faransanci, kuma har tsufansa idan ya buɗe baki sai an gane baƙo ne.

Kwangon da ya tarar mallakin mutum ɗaya ce, Sarki Leopold na biyu, wanda ya samu amincewar manyan ƙasashe a lokacin taron Berlin na 1884 zuwa 1885 da alƙawarin yaƙar cinikin bayi da kawo wayewa. Daga Matadi jirgi ba ya iya hawa saboda duwatsu da gangaren ruwa, layin dogo kuma ba a gama shi ba. Don haka Conrad ya taka da ƙafa tare da ƴan dako, sama da wata guda, har Kinshasa. A ƴar takardar da yake rubuta abubuwan tafiya ya ambaci gawarwakin da ya tarar a hanya, har da ƙwarangwal ɗin wani da aka ɗaure jikin turke. Da ya isa sai ya iske jirgin da aka yi masa alƙawari ya lalace. Aka saka shi a wani ƙaramin jirgi mai suna Roi des Belges zuwa Stanley Falls, Kisangani ta yau. A hanyar dawowa kyaftin ya kwanta ciwo, Conrad ya riƙe jirgin na ƴan kwanaki, wani wakilin kamfani mai suna Klein kuma ya mutu a cikinsa.

Sai bayan shekaru takwas ya zauna rubuta labarin, lokacin ya bar teku, ya auri Jessie George, ya fitar da littafinsa na farko Almayer's Folly a 1895. Mujallar Blackwood's ta buga labarin kashi uku, daga Fabrairu zuwa Afrilun 1899.

Mai karatu na Ingila a wancan zamani ya saba jin cewa Afirka ce duhu, Turai ce fitila. Conrad ya karɓi wannan magana ya birkita ta. Labarin bai fara a Kwango ba, ya fara ne a kogin Thames da faɗuwar rana, inda mai ba da labarin, Marlow, ke tuna wa abokansa cewa ita ma Ingila daji ce mai duhu a idon sojojin Rum da suka ci ta da yaƙi. Birnin da hedikwatar kamfanin take, wanda kowa ya gane Bruxelles ne, ya kamanta shi da kabarin da aka shafa wa farar ƙasa. Hauren giwa fari ne, kuma saboda shi ake kashe mutane. Hazon da ya makantar da jirgi a kan kogi shi ma fari ne. Sannan ga Kurtz, wakilin da ya fi kowa ilimi da iya magana, wanda ya rubuta dogon rahoto kan wayar da baƙar fata, ya ƙare shi da shawarar a hallaka su duka, ya kuma kewaye gidansa da kawunan mutane a kan itace. A ƙarshe Marlow ya je wurin budurwar Kurtz a Turai ya yi mata ƙarya, don kada ta san mutumin da take wa takaba.

Ga mutanen Nijar, shekarar 1899 ba baƙuwa ba ce. A watan Afrilun da kashi na ƙarshe na labarin ya fito, rundunar kyaftin Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu. A watan Mayu ta yi kisan kiyashi a Birnin Konni. A watan Yuli Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb da Faransa ta aiko ya tsayar da shi. Conrad ya riga ya gama rubutunsa kafin labarin ya kai Turai, amma kamannin Voulet da Kurtz sun sa fim ɗin African Apocalypse na 2020 ya bi sawun rundunar da littafin a hannu.

To sai dai littafin na da nasa tabon. A 1975 marubucin Najeriya Chinua Achebe ya gabatar da lacca a jami'ar Massachusetts ta Amurka, inda ya zargi Conrad da wariyar launin fata. Hujjarsa ita ce ƴan Afirka a cikin labarin ba su da suna, da ƙyar ake jin maganarsu, an mayar da nahiya guda fagen da Bature zai haukace a cikinsa. Zargin yana da nauyi. Conrad ya ga azabar ƴan dako ya kuma rubuta ta ba tare da ɓoyewa ba, amma bai bar ko ɗayansu ya faɗi labarinsa da bakinsa ba. Ko a aikace ma ya tsaya nesa: Roger Casement, wanda suka haɗu a Matadi, wanda kuma rahotonsa na 1904 ya tona asirin Leopold, ya nemi ya shiga gwagwarmayar, Conrad ya ba da goyon baya ta wasiƙa, ya koma kan teburinsa.

Lord Jim ya fito a 1900, Nostromo a 1904, masana suna yabo, aljihu kuwa babu komai, ga ciwon gaɓɓai da baƙin ciki mai kwantar da shi. Sai da Chance ya karɓu a 1914 sannan ya huta da bashi. A 1924 firaministan Birtaniya Ramsay MacDonald ya yi masa tayin lambar girma ta Sir, ya ƙi karɓa. Ya rasu ranar 3 ga Agustan shekarar a gidansa da ke Bishopsbourne, yana da shekaru 66. André Gide ya sadaukar masa da littafinsa Voyage au Congo a 1927. An binne shi a Canterbury, kuma a jikin dutsen kabarin an yi kuskure wajen rubuta ɗaya daga cikin sunayensa na Polan.