Nana Asma'u 'Yar Shehu: Shugabanci Ba Da Rawanin Sarauta Ba

Sau da yawa akan ce mata ba su da kwaɗayin shugabanci a wurin aiki kamar yadda maza suke da shi. A wannan mako za mu duba rayuwar Nana Asma'u, 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya jiƙan su, domin mu auna wannan magana.

An haifi Nana Asma'u a Degel wajen shekarar 1793. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga wahalar yaƙi da yunwa da idonta. Ta yi karatu a gidan mahaifinta, ta haddace Alƙur'ani, ta kuma iya Larabci da Fulatanci da Hausa, har ta yi rubutu da dukkansu. Mijinta shi ne Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato.

Da Shehu ya rasu a 1817, al'amarin mulki bai tabbata a hannun ɗan'uwanta Muhammadu Bello ba sai da aka sha saɓani, har Abdussalami ya yi tawaye a Kware. Ita kuwa Asma'u, hankalinta ya koma kan wani aiki da babu mai takara a kansa, wato ilmantar da matan karkara, waɗanda da yawansu bori ya fi ƙarfi a zukatansu.

Ta zaɓo dattawan mata masu hankali da riƙon amana daga ƙauyuka, ta naɗa kowace a matsayin jaji. Takan ɗora mata malfa, ta naɗa mata jan rawani a kai. Malfa a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar 'yan bori, sai ga ta a kan mai koyar da salla da tsarki. Jajis sukan jagoranci ayarin mata zuwa wurinta, su haddace waƙoƙinta na wa'azi da tarihi, su koma gida su karantar. Wannan ƙungiya ita ce ake kira 'Yan Taru. Bayan rasuwar Asma'u a 1864, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon ta, aikin bai mutu ba.

To, me za mu ce? Macen da ta tsara ƙungiya, ta naɗa shugabanni, ta shirya musu abin koyarwa, ba za a ce ba ta da himmar jagoranci ba. Abin da ba ta nema ba shi ne kujera da kirari. Dama Musulunci ya yi gargaɗi game da roƙon mulki, ya ɗauke shi amana wadda za a tambayi mai ita ranar Lahira, namiji ne ko mace.

Sa'an nan a lura, matan ƙauyen nan ba su fito sun nemi zama jajis ba, amma da aka ba su ilmi da izini sun riƙe aikin da kyau. Saboda haka shugaban ma'aikata ko na makaranta da ya ga mace mai ƙwazo ta yi shiru, kada ya ɗauka ba ta iyawa. Ya jarraba ta da amana tukuna.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, amin.