Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Tsarin Tattalin Arzikin Kwarin Rima

Gabatarwa

Labarin ƙasa na tattalin arziki fage ne da ke nazarin dalilan da suka sa noma da kiwo da sana'a da fatauci suke bunƙasa a wani wuri, su kuma gagara a wani. Yakan dubi ƙasa da ruwa da hanyoyi da kasuwanni, da irin hukuncin da masu mulki suke yankewa a kansu. Rayuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kyakkyawar ƙofa ce ta shiga wannan fage, domin yanayin zaman jama'a a Wurno da Raba da Goronyo yana ɗauke da sawun manufofinsa har yau.

Tasowarsa

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da baffansa Abdullahi. Yana cikin manyan kwamandojin jihadin da aka fara a 1804, kuma shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. A 1809 ya kafa birnin Sakkwato kusa da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka yi masa mubaya'a.

Iliminsa na Ƙasa

Bello malami ne mai bibiyar labarin ƙasashe. Littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, ya buɗe da bayanin ƙasashen Borno da Ahir da Hausa da Songhai da mazaunansu kafin ya shiga tarihin jihadi. Da Baturen Ingila Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, Bello ya ba shi taswirar wannan yanki, aka buga ta a Landan a 1826. A Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba alhakin kula da manoma da maƙera da marina da maɗinka da mahauta, tare da raya garuruwa da kasuwanni da hanyoyi.

Wurno da Manufar Ribaɗi

Matsalar da ta fi damun Bello ita ce iyakar arewa maso gabas, inda Gobirawa da Azbinawa ba su daina kawo hari ba. Ga kuma dakaru da Fulani makiyaya masu yawa da ba su da mazauni na dindindin, alhali sabuwar daula tana buƙatar abinci. Maganin da ya samo shi ne ribaɗi, wato gari mai ganuwa a bakin iyaka wanda mazaunansa suke tsaro, suke noma, suke karatu. Ya fara zama a Magarya, daga bisani a ƙarshen shekarun 1820 ya gina Wurno, ya mayar da ita mazauninsa.

Zaɓen wurin ya nuna zurfin lissafinsa. Wurno tana kan tudu, ana hango abokin gaba daga nesa, ambaliya kuma ba ta cika kai mata ba. A gindinta akwai fadamar Rima, wadda ruwan damina yake malalewa a kanta ya bar laka mai albarka, ana shinkafa da damina, ana lambu da rani, dabbobi kuma suna samun ciyawa lokacin da tudu ya bushe. Bello ya kwaɗaitar da makiyaya su zauna su rungumi noma da kiwon dawaki, ya aika musu da malamai. Wajibi ne kuma a faɗi cewa wani kaso na aikin gonakin ya dogara ne ga bayin da aka kamo a yaƙi, waɗanda zuriyarsu ta narke cikin al'ummar yankin.

Ƙarshen Rayuwarsa

A 1836 Bello ya yi galaba a kan Gobirawa da mataimakansu a Gawakuke. Ya rasu a Wurno a watan Oktoba na 1837, a can kuma hubbarensa yake. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, ya ci gaba da zama a garin, Barth ma ya ziyarci Wurno a zamaninsa a 1853.

Kammalawa

Barazanar yaƙin da ta haifi ribaɗi ta kau, amma fadama tana nan. Shinkafa da albasa da tafarnuwar da manoman Wurno da Kwargaba suke fitarwa, da madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a 1984, duk sun jingina ne ga gulbin da Bello ya gina lissafinsa a kai. Tambayar da ya fuskanta, ta yadda manomi da makiyayi za su raba fadama ɗaya cikin aminci, ita ce har yanzu take gaban mazauna kwarin Rima.