Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo: almajirin da ya saɓa wa malaminsa

A filin tarihi na wannan mako mun ɗauko Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Da yawa suna ɗaukar shi mutumin Sakkwato ne kawai, alhali a Maratta aka haife shi cikin 1754, ƙasar Gobir, wurin da yau yake cikin jihar Tawa. A Degel ya girma.

Babban malaminsa shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya bi har Agadas. Shehu yana girmama shi matuƙa, amma da Malam Jibrilu ya ce musulmin da ke aikata manyan zunubai ya zama kafiri, almajirin bai haɗiye ba. Ya koma ga littattafai, ya rubuta cewa mai saɓo mai laifi ne, amma bai fita daga musulunci ba. Bai zagi malaminsa ba, bai kuma daina yabon shi ba. To, mu da muka tashi ana ce muna gardama da malam rashin ladabi ne, wannan wurin ya kamata mu tsaya mu duba.

Haka ya yi da batun mata. Wasu malamai sun soke shi don mata na zuwa wa'azinsa, shi kuwa ya ga barin su cikin jahilci ya fi muni. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta zama babbar malama.

Wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai sallar idi a Magami, ya raba masu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya. A madadinta ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a mutunta masu rawani, a saki ƴan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Sarakunan da suka biyo baya, Nafata da Yunfa, suka matsa wa jama'arsa, har ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, yaƙi ya tashi. Alƙalawa ta faɗi a 1808.

Ba mu manta ba, cikin masu jin mu akwai jikokin Gobirawan Tibiri da Katsinawan Maradi, waɗanda kakanninsu suka ƙi miƙa wuya ga Sakkwato. Su ma suna da nasu labarin, kuma yaƙin ya ci rayuka ta kowane ɓangare.

Ko cikin gidan Shehu tambaya ba ta ƙare ba. Ƙanensa Abdullahi, da ya ga wasu mayaƙan sun fara son mulki da dukiya, ya bar rundunar ya nufi gabas, sai a Kano aka shawo kansa ya tsaya. Shehu da kansa ya janye daga harkar mulki, ya bar ta ga Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya koma ga karantarwa da rubutu har rasuwarsa a Sakkwato cikin 1817.