Hermann Staudinger: Masanin da ya tsaya kai da fata kan sirrin zaren auduga

An haifi Hermann Staudinger ranar 23 ga Maris, 1881, a garin Worms na ƙasar Jamus. Mahaifinsa malamin makaranta ne. Tun yana yaro hankalinsa na kan nazarin tsirrai, amma mahaifin ya ba shi shawarar ya fara ƙwarewa a ilimin sinadarai. Ya samu digirin digirgir a Jami'ar Halle a 1903, ya koyar a Karlsruhe, sannan a 1912 ya koma birnin Zurich na ƙasar Suwizalan.

A can ne ya ɗauko tambayar da ta cinye sauran rayuwarsa. Me ya sa roba da sitaci da selulos, wato sinadarin da ya fi yawa a jikin auduga da itace da karan dawa, suke yin kauri da yauƙi idan aka narkar da su? Manyan malaman zamanin sun tafi a kan cewa ƙananan ƙwayoyi ne ke cunkushewa wuri guda, kamar yadda gari ke yin gudaji a cikin kunu. A 1920 Staudinger ya wallafa maƙalar da ta saɓa musu. A ganinsa dogayen sarƙoƙi ne, ƙwayoyi ɗaruruwa ko dubbai ɗaure da juna kamar 'ya'yan carbi. A 1922 ya raɗa musu sunan makromolekul, ma'ana ƙatuwar ƙwayar sinadari.

Ya sha suka ba kaɗan ba. Abokan aikinsa sun yi masa kallon wanda ya bar tsaftataccen bincike ya koma jagwalgwala danƙo. A babban taron masana da aka yi a Düsseldorf a 1926, kusan shi kaɗai ya tsaya a ɓangarensa. A shekarar ce ya koma Jami'ar Freiburg, ya duƙufa neman hujja.

Selulos na daga cikin abubuwan da suka ba shi hujjar. Yakan sauya shi zuwa wani sinadarin, ya narkar da shi a wani ruwa daban, sannan ya mayar da shi yadda yake, sai ya tarar tsawon sarƙar bai canza ba. Da gudaji ne, da sauyin ruwan ya wargaza shi. Ya kuma nuna cewa gwargwadon tsawon sarƙar, gwargwadon kaurin ruwan. Wannan ya bai wa masana'antu hanya mai sauƙi ta auna ingancin zare. Littafinsa na 1932 kan roba da selulos ya tattara waɗannan hujjoji. Matarsa Magda, masaniyar tsirrai 'yar asalin Latbiya, ta kasance abokiyar bincikensa.

Sai dai taurin kan da ya kai shi ga nasara shi ne ya hana shi ganin sauran gaskiyar. Ya dage cewa sarƙoƙin miƙaƙƙu ne a cikin ruwa, tamkar sanduna. Werner Kuhn da Herman Mark suka nuna cewa suna lanƙwashewa, suna naɗewa, suna warwarewa kamar zaren da aka yar a ƙasa. Sarƙar selulos ta fi ta roba tauri, shi ya sa lissafinsa ya fi dacewa da ita. A yau an san cewa siffar sarƙar na bin yanayin ruwan da take ciki. Akwai nau'in selulos ɗin da aka sarrafa wanda sarƙoƙinsa ke miƙewa a ruwa zalla ya yi kauri, da an zuba gishiri sai su naɗe ya tsinke. Wani nau'in kuma daskarewa yake yi idan ya ji zafi.

Rayuwarsa ba ta tsira daga siyasa ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fito fili ya soki amfani da iska mai guba, abin da ya haɗa shi da Fritz Haber. A 1933 shugaban jami'arsa, Martin Heidegger, ya kai ƙararsa ga hukumomin Nazi a kan waccan matsaya. Da ƙyar ya tsira da kujerarsa.

Ya yi ritaya daga koyarwa a 1951, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1953, shekara 33 bayan maƙalar da aka yi wa dariya. Ya mutu a Freiburg ranar 8 ga Satumba, 1965, yana da shekara 84.

Da ilimin da ya assasa ake daidaita kaurin maganin tari da man goge baki da fenti, har da taɓon da ake haƙar rijiyar mai da shi. Ɗanyen kayan kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Yana cikin audugar Funtuwa, yana kuma cikin karan masara da dawa da ke jibge a gonakin Samarun Kataf da kewayen Kafanchan bayan kowane girbi.