Ramakrishna

Ramakrishna (18 ga Fabrairu, 1836 zuwa 16 ga Agusta, 1886) malamin addinin Hindu ne daga yankin Bengal na ƙasar Indiya, wanda ya shahara da bautar allahiya Kali. Sunansa na yanka Gadadhar Chattopadhyay.

Farkon rayuwa

An haife shi a ƙauyen Kamarpukur, a gidan talakawa 'yan ajin Brahmin. Abin bautar gidansu Rama ne, don haka bai gaji bautar Kali daga iyayensa ba. A shekarar 1855 wata attajira, Rani Rashmoni, ta buɗe haikalin Kali a Dakshineswar kusa da birnin Kalkata, aka naɗa yayansa Ramkumar mai jagorantar ibada a wurin. Da Ramkumar ya rasu a 1856, sai aikin ya dawo hannunsa.

Asalin tafarkinsa

Bautar da ya tarar ta fito ne daga Shakta, reshen addinin Hindu da ke ɗaukar allahiya a matsayin tushen kowane iko. Tun kafin zamaninsa wannan reshe ya yi jijiya a Bengal. Malamin nan Krishnananda Agamavagisha ya tattara ƙa'idodin ibadar a littafinsa Tantrasara, kuma al'adar yankin tana danganta masa siffar Kali da ake girkewa a gidaje. A ƙarni na 18 mawaƙi Ramprasad Sen ya sassauta lamarin, inda ya riƙa kiran wannan allahiya mai ban tsoro da uwa, kamar yadda yaro ke yi wa mahaifiyarsa kuka. Ramakrishna ya yawaita rera waƙoƙinsa.

Ilimin Tantra kuwa daga wurin mace ya same shi. A 1861 wata mai gudun duniya, Bhairavi Brahmani, ta sauka a Dakshineswar. A lokacin mutane da dama na ganin ya taɓu, saboda yawan suman da yake yi a cikin ibada. Ita ce ta ce wannan hali alamar tsananin shauƙi ce, ta kuma koya masa ayyukan ibadar littattafan Tantra 64. Kalmar tantra a harshen Sanskrit tana da alaƙa da saƙa, wato zaren da aka miƙe a kan masaƙa. Daga baya wani malami, Totapuri, ya koya masa falsafar Advaita Vedanta.

Rasuwa da saɓani

Ya rasu a Kosipur sakamakon ciwon dajin maƙogwaro. Almajirinsa Swami Vivekananda ya kafa ƙungiyar Ramakrishna Mission a 1897, ya kuma fi gabatar da malamin nasa ga duniya a matsayin mai koyar da Vedanta. Wasu masana na ganin hakan ya rufe gefen Tantra, wanda masu ilimin boko na lokacin mulkin mallakar Ingila ke jin kunyarsa. Mabiya ƙungiyar sun musanta haka, musamman bayan fitowar littafin Jeffrey Kripal a 1995.