Guido na Arezzo, Malamin Mawaƙan Ekklesiya

'Yan'uwa mawaƙa da ke koyon sabuwar waƙa da do, re, mi, a Kwaja ko a cikin garin Mubi, gādon wani bawan Allah ɗan ƙasar Italiya suke ci. Sunansa Guido, an haife shi wajen shekara ta 991.

Ya shiga gidan masu zuhudu na Pomposa. A zamanin nan da kā ake riƙe waƙoƙin sujada, har yaro yakan shekara goma bai gama haddacewa ba. Guido ya ja layuka, ya ɗora kowane sauti a gurbinsa, domin mawaƙi ya iya rera abin da kunnensa bai taɓa ji ba. Maimakon godiya, abokan zamansa suka yi masa hassada, ya bar musu gidan.

Wajen 1025 ya koma Arezzo, tsohon birni a yankin Tuskani, inda Bishop Tedald ya danƙa masa mawaƙan babbar majami'a. Daga wata waƙar ranar Yohanna Mai Baftisma ya tsamo gaɓoɓi shida: ut, re, mi, fa, sol, la. Koyon shekara goma ya dawo ɗaya ko biyu. Paparoma Yohanna na 19 ya kira shi Roma, ya gwada da bakinsa, ya gamsu.

Sai a ƙarni na 17 do ta maye gurbin ut. A ƙarni na 19 Fasto John Curwen ya yaɗa irin wannan koyo a Ingila, 'yan mishan kuwa suka iso da shi Nijeriya. A 1882 mutanen Arezzo suka kafa mutum-mutumin Guido a dandalin da ke ɗauke da sunansa.