Mary Pickford: Marainiyar Da Ta Mallaki Guminta

Idan ana lissafin waɗanda suka aza harsashin masana'antar fina-finan Amurka, sunayen maza ne suka fi yawa. Sai dai a cikinsu akwai wata mace da tsawonta bai wuce ƙafa biyar ba, wadda ta gane tun da wuri cewa farin jini ba ya hana mutum zama bara a gonar wani. Wannan mace ita ce marigayiya Mary Pickford.

An haife ta a birnin Toronto na ƙasar Kanada ranar 8 ga Afrilu, 1892, aka raɗa mata suna Gladys Louise Smith. Mahaifinta ya rasu a 1898, ya bar mahaifiyarta Charlotte da 'ya'ya uku, ita da ƙannenta Lottie da Jack, ba tare da wani abin hannu ba. Talauci ne ya hau da ita dandalin wasan kwaikwayo tana ƙaramar yarinya. Iyalin suka yi shekaru suna bin ƙananan ƙungiyoyin wasa gari-gari a jirgin ƙasa, ita kuma ta zama mai ciyar da gida. A 1907 ta sami shiga wani wasa a birnin Niyok, inda mai shirya shi, David Belasco, ya laƙaba mata sunan da duniya ta san ta da shi.

A 1909 ta nemi aiki a kamfanin Biograph wurin darakta D. W. Griffith. A lokacin 'yan wasan dandali suna raina fim, kuma dala 5 ake biyan ɗan wasa a yini. Ita kuwa, tana da shekara 17, ta tsaya sai da aka ba ta dala 10. Fina-finan zamanin ba su da murya, ba a kuma rubuta sunayen 'yan wasa, amma 'yan kallo suka shaida ta da dogon gashinta mai lanƙwasa, suka riƙa tambayar ta a gidajen sinima. Daga nan ta fahimci cewa ita ce hajar da ake sayarwa.

Wannan fahimta ce ta ja ragamar rayuwarta. Bayan ta koma kamfanin Adolph Zukor, fim ɗin Tess of the Storm Country na 1914 ya kai sunanta ko'ina. A 1916 ta sa hannu a yarjejeniyar da ta ba ta dala 10,000 a mako, da rabin ribar fina-finanta, da kuma iko a kan yadda za a shirya su. Duk da haka ba ta gamsu ba, domin wanda ke riƙe da hanyar rarraba fim shi ke riƙe da wuƙa da nama. Da aka fara raɗe-raɗin manyan kamfanoni za su haɗe su danne kuɗin taurari, sai ita da Charlie Chaplin da Douglas Fairbanks da Griffith suka kafa kamfanin United Artists a watan Fabrairu na 1919. Tsarinsa shi ne kowa ya shirya fim ɗinsa, ya mallake shi, kamfanin kuma ya kai shi kasuwa. Ta auri Fairbanks a 1920, gidansu mai suna Pickfair ya zama masaukin manyan baƙin Holiwud.

Arziki bai mantar da ita inda ta fito ba. A 1921 tana cikin waɗanda suka kafa asusun taimaka wa ma'aikatan fim da suka shiga halin ƙaƙa-nika-yi, a 1932 kuma ta jagoranci tsarin da masu aiki ke ba da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na albashinsu ga asusun. Haka nan tana cikin mutum 36 da suka kafa cibiyar da ke ba da kyautar Oscar a 1927.

Sai dai abin da ya ɗaga ta shi ne ya ɗaure ta. Jama'a sun saba ganin ta a matsayin yarinya, har ta fito a 'yar shekara 12 cikin Pollyanna a 1920, alhali ta haura 27. Bayan rasuwar mahaifiyarta a 1928 ta yanke gashin nan, labarin ya hau shafin farko na jaridu. Fim ɗinta na farko mai murya, Coquette na 1929, ya ciyo mata Oscar, amma 'yan kallo suka ja baya. Ta yi fitowarta ta ƙarshe a Secrets a 1933. A shekarar Jack ya rasu, a 1936 Lottie ta bi shi, aurenta da Fairbanks ma ya mutu. Ta auri Buddy Rogers a 1937, ta ci gaba da shirya fina-finan wasu, har ta sayar da hannun jarinta na United Artists a 1956 a kan dala miliyan 3. A ƙarshen rayuwarta shaye-shayen giya ya kama ta, ta kulle kanta a Pickfair, inda aka kai mata Oscar ta girmamawa a 1976.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ita dai da tsufa ya zo, ta nemi a mayar mata da matsayinta na 'yar Kanada, aka kuwa mayar. Ta rasu a Santa Monika ta jihar Kalifoniya ranar 29 ga Mayu, 1979, tana da shekara 87. Mutanen Toronto sun kafa mutum-mutuminta a kusa da inda gidan da aka haife ta yake, wurin da aka gina asibitin yara.